Amsa kan bugun sanda na mutanen Tibet

Ɗan'uwa sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Abin da ka gani a bidiyo kake tambaya ko zai maka maganin ciwon baya, sunansa Yuk Cho, yana cikin maganin gargajiyar Tibet da suke kira Sowa Rigpa. Ba duka ba ne fa, sanda ce siririya mai lanƙwasuwa da ɗan dunƙule a kanta, ana ɗan bubbuga wurin ciwon a hankali a hankali har jijiyoyi su saki, kusan kamar tausa dai. Amma don Allah kar ka ɗau sanda ka gwada da kanka, musamman in akwai kumburi ko karaya ko ƙafa tana maka sanyi tana mutuwa, fara zuwa asibiti a yi hoton bayan tukuna.