Me ya sa gyaran tsarin mulkin Amurka yake da wuya haka?

Malam, ka tambayi abin da ya sa Amurkawa ba sa yawan taɓa tsarin mulkinsu. Ai da gangan waɗanda suka rubuta shi a Filadelfiya a 1787 suka tsaurara hanyar. A hanyar da aka saba bi, sai kashi biyu cikin uku na kowace majalisar tarayya sun yarda, sannan jihohi 38 cikin 50 su amince. Gyara 27 kacal aka yi. Na ƙarshen ma, kan albashin 'yan majalisa, tun 1789 aka gabatar da shi, bai shiga ba sai 1992! A ganina yawancin sauyin daga Kotun Ƙoli yake fitowa, kamar hukuncin 1954 da ya haramta raba makarantun gwamnati tsakanin baƙaƙe da farare.