Tambaya da Amsa: Karatu a Jamus, Babu Gwaji, Babu Mai Kiran Suna

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce 'yar aji uku a jami'a daga Kano, na samu zuwa Jamus zango ɗaya ta shirin musayar ɗalibai. Sati uku ke nan da fara karatu, ba a kiran suna, ba a ba mu gwaji, malami ya gama lacca ya tattara ya fita. Hankalina ya ƙi kwanciya. Yaya zan yi kada jarrabawa ta ritsa ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Gara da hankalin naki ya tashi da wuri. Aikin yana nan yadda yake, sai dai babu mai bin ki da shi.

Fara da lissafin awoyi. Jami'o'in Turai suna auna nauyin aikin kwas da tsarin maki mai suna ECTS: cikakken zango maki 30 ne, kowane maki ɗaya kuma aikin awa 25 zuwa 30. Kwas mai maki 6 yana cin kusan awa 180. Idan awa huɗu kike zama a aji duk sati, tsawon sati 15, awa 60 kawai kika yi. Sauran awa 120 na laburare ne da ɗakinki. Nan ake tuntuɓe: ɗalibi ya ga jadawali wayam, ya ɗauka hutu ne, sai Fabrairu ta zo masa da jarrabawa guda tal, ita ce makin kwas ɗin dungurungum. Ki ware wa kowace awar aji awa biyu na karatu, ki rubuta su a jadawali kamar lacca.

Azuzuwan ma ba iri ɗaya ba ne. Vorlesung lacca ce a babban zaure, sauraro ne da rubutu. Übung wurin warware tambayoyi ne, kuma sau da yawa irinsu ake kawowa a jarrabawa, don haka ko da wasa kada ki tsallake. Seminar shi ya fi ba ɗalibanmu wahala. Mutum kamar ashirin kewaye da tebur, an ba da shafukan karantawa a Moodle ko ILIAS, wato dandalin karatu na intanet na jami'a, ana jiran ra'ayinki. Mun tashi da ladabin rashin ja da malami, tarbiyya ce mai kyau, amma a can shiru yana nuna ba ki yi karatu ba. Ki shiga da tambaya ɗaya a rubuce, da wuri ɗaya da ba ki yarda da marubucin ba, ki faɗe su tun farkon zama kafin kunya ta rufe ki.

In kin ga an rubuta 10 c.t. a jadawali, ƙarfe goma da kwata ake farawa, s.t. goma daidai. In ɗalibai suka ƙwanƙwasa tebur a ƙarshen lacca, tafi ne.

Malami yana da lokacin ganin ɗalibai, Sprechstunde. Ki nemi lokaci ta imel, ki je da takamaimiyar tambaya. Wurin rubuta takardar bincike kuwa, duk jimlar da kika ɗauko ki faɗi mai ita da shafin. In ba haka ba satar rubutu ce, ana kayar da mutum a kanta.

Kada makin jarrabawa ya ruɗe ki. A gida 5.0 shi ne ƙololuwa, a Jamus faɗuwa ce. Mafi kyau 1.0, na tsira 4.0.

Abin da za ki yi tun wannan satin: zama a aji ba rajistar jarrabawa ba ne. Rajista daban ake yi, tana da wa'adi, in ya wuce da wuya a buɗe miki. Ki je ofishin ɗaliban ƙasashen waje ki tambayi ranar, ki kuma tabbatar kwasa-kwasan da kike zama su ne a yarjejeniyar karatun da sashenku na gida ya sa wa hannu. In kin sauya wani, a gyara takardar yanzu, kada ki dawo a ƙi ƙirga miki shi. Idan rashin lafiya ta kama ki ranar jarrabawa, ki karɓi takardar likita a ranar, ki miƙa ta cikin kwanakin da dokar sashen ta yanka, galibi uku ne.