Shin hira da majiyyaci ɓata lokaci ce?

'Yar'uwa, kin tambaya ko zaman da nas ke yi tana hira da majiyyaci ɓata lokaci ne. Ko kusa. Hildegard Peplau, nas 'yar Amurka da ta ƙware a jinyar masu taɓin hankali, ta nuna a littafinta na 1952 cewa wannan dangantaka ita kanta tana cikin magani. Ta kasa ta mataki huɗu: sanin juna, sakin jiki da nas, cin moriyar taimakonta, sai rabuwa.

Na farkon ya fi damuna. Majiyyaci yakan zo a tsorace, mai tsoro kuwa ba ya faɗin gaskiyar ciwonsa, balle ya amsa cewa ya daina shan magani. Ki gaishe shi, ki faɗa masa sunanki, ki saurare shi kafin ki ɗauko allura.