Fitilun Tirelata Suna Mutuwa Idan Na Taka Birki

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina da Hilux da nake jan ƙaramar tirela da ita, wadda mai walda ya ƙera mini, ina ɗauko dankalin Turawa daga Bokkos zuwa Abuja. Tun farkon damina, idan na kunna fitila da dare na taka birki, sai fitilun bayan tirelar su dushe ko su mutu gaba ɗaya, wani lokaci kuma sigina ta riƙa ɗan haske ba tare da na taɓa ta ba. Na sauya ƙwayayen fitilar sau biyu, ba ta canza zani ba. Fis ma ya taɓa ƙonewa, yaron motata ya ɗaura waya a madadinsa. Ina mafita? Daga mai karatu a Bukuru.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin komai, a cire wayar nan da aka ɗaura a gurbin fis yau ɗin nan, a mayar da fis mai lamba daidai da wadda aka rubuta a murfin akwatinsa. An yi fis ne domin ya ƙone kafin wayoyin mota su ɗauki zafi, saboda haka duk wanda ya toshe gurbinsa da waya ya buɗe wa gobara ƙofa.

Alamomin da ka lissafa kuwa kusan duk wuri ɗaya suke nunawa, wato wayar negetif, wadda wuta ke bi ta koma batir bayan ta haska fitila. Ƙwan fitilar baya na gargajiya yana da zare biyu a cikinsa, mai wat 21 na birki da mai wat 5 na fitilar dare, kuma dukansu ta gindin ƙwan suke mayar da wuta. Idan tsatsa ko fenti ya toshe wannan hanya, wutar birki sai ta nemi wata mafita, ta bi ta ɗaya zaren ko ta ratsa ƙwan sigina, shi ya sa kake ganin wannan ɗan hasken. Idan kuma fitilar dare tana kunne ka taka birki, wuta ta zo wa ƙwan ta ɓangare biyu alhali babu hanyar fita, sai ya mutu. Ƙwayayen da ka zubar, mai yiwuwa lafiyarsu ƙalau.

A ganina, babban kuskuren da ake yi wa tirelolin da ake ƙerawa a gida shi ne a bar ƙugiyar da ke haɗa mota da tirela ta zama ita ce hanyar negetif. Wurin nan giris ne da ƙura da tsatsa, ga shi yana motsi a kowane rami, don haka wuta tana zuwa tana ɗaukewa. Gwajin ba shi da tsada. Ka samo doguwar waya, ka maƙala bakinta ɗaya a kan negetif na batir, ɗaya bakin kuma a jikin ƙarfen da ke riƙe da ƙwan fitilar tirelar, sannan wani ya taka birki kana kallo. Idan fitilar ta haska tangaran, ka kama ɓarawonka. Sai a kwance notin da farar waya, wato ta negetif, take ɗaure a kai, a goge wurin da samfefa har ƙarfen ya yi ƙyalli, a ɗaure tam, a shafa ɗan giris a samansa saboda ruwa. Mafi inganci shi ne mai wayarin ya ja wa kowace fitila farar wayarta kai tsaye daga soket, wato inda ake jona wayoyin tirela da na mota.

Idan gwajin bai sauya komai ba, sai a raba mota da tirela a gwada soket ɗin motar shi kaɗai da fitilar gwaji, a maƙala ta a ƙafar negetif ta soket ɗin, domin a gwada ita ma ƙafar. A soket mai ƙafa bakwai irin na Turai, ƙafa ta 1 mai rawayar waya siginar hagu ce, ta 3 fara negetif, ta 4 koriya siginar dama, ta 6 ja birki, ta 5 da ta 7 kuma fitilun dare. Na Amurka mai ƙafa huɗu daban yake, domin a can birki da sigina waya ɗaya suke bi a kowane gefe, kuma ba a haɗa tsarin biyu sai da ƙaramar na'urar da ke daidaita su. Kada dai ka amince da launi kaɗai, domin sau da yawa ana yin aiki ne da duk wayar da ta zo hannu.

Ƙonewar fis matsala ce ta dabam, tana nufin wata waya ta saɓule tana taɓa ƙarfe, ko ruwa ya kwanta a cikin soket. Ka bi wayar da hannu daga wuyan tirela har baya, musamman inda ta ratsa hudar ƙarfe, da inda aka murɗa mahaɗa aka naɗe da salatif, domin ruwan daminar Jos yana shiga irin waɗannan wurare, har ka buɗe ka tarar da tagullar ta koma kore.

Ina roƙonka kada ka sake sauka Hawan Kibo da dare kafin a gama wannan gyara, domin a gangaren nan ƙafarka ba ta rabuwa da birki, kuma a daidai lokacin ne tirelarka take ɓacewa daga idon babbar motar da ke biye da kai.