Amsoshin Tambayoyinku: Kwana a Tanti a Gashaka-Gumti

Wani mai karatu daga Gusau ya rubuto cewa shi da abokansa uku suna tara kuɗi don su je gandun dajin Gashaka-Gumti su kwana a tanti. Yana tambaya ko su sayi babban tanti guda ɗaya, kuma wane lokaci ya fi dacewa.

Malam, na ji daɗin wannan niyya taku. Gashaka-Gumti, tsakanin Taraba da Adamawa, shi ne gandun daji mafi girma a Najeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma tun 1991 yake hannun gwamnatin tarayya. A can Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar nan, mita 2,419. Ku tafi tsakanin Disamba da Maris. Da damina koguna kan cika, hanyoyin ciki su yanke. Daga Jalingo za ku bi ta Bali ku isa Serti, inda ofishin gandun yake. Ku yi rajista a nan, ku ɗauki jagora daga cikin ma'aikatansu, ku kuma tambaye su lafiyar hanya tun kafin ku bar gida. Mu mutanen Zamfara ba sai an koya mana wannan ba. Tafiyar dare kam, ku bar ta.

Batun tanti kuwa, ƙanana biyu sun fi babba ɗaya. Wanda zai ɗauki kaya a baya ya hau tudu shi ya san nauyi. Kafin ka biya, ka sa mai shago ya kafa shi a gabanka, ka ja zif ɗin sau da yawa, ka duba ragar sauro ko da ƙaramar huda, ka tabbatar yana da rufi na biyu mai tare raɓa. Ni na taɓa sayen mai araha ban buɗe shi ba sai a daji, zif ya tsinke daren farko, na kwana ina riƙe bakin tanti da igiyar takalmi, sauro na shagali. Amma mafi yawan kuɗinku ku zuba su a shimfiɗa da takalmi. Sanyi daga ƙasa yake shiga jiki, tabarma kaɗai ba ta tare shi a kan tudu. Ku nemi siririyar katifa mai naɗewa da bargo mai kauri. Takalmin kuma a fara sa shi a gida mako biyu, kada sabo ya ci ƙafa. Guzuri ba wuya: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino, da tocila mai caji.

Wata baiwar Allah daga Argungu ta ce yaranta sun iya ruwa, ko za su iya kafa tanti a bakin kogi?

Hajiya, kogin dutse ba irin koginku na Matan Fada a Argungu ba ne. Ana iya yin ruwa can saman tsauni ba ku sani ba, kogi ya taso da ƙarfi cikin dare. Ga dorinar ruwa a kogin Kam, ga tsando a kwari. Ku kafa a tudu, inda jagora ya nuna, yara su sa riga mai dogon hannu, ruwan sha kuma a tafasa shi komai kyawunsa a ido.