Kwas ɗin mako biyu zai ba ni shaidar koyar da Turanci?

Tambaya: Malam, ina da digiri a fannin Turanci, ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a Ƙofar Ƙaura, Katsina. An turo mana talla a WhatsApp cewa akwai kwas ɗin TEFL (koyar da Turanci ga waɗanda ba harshensu ba ne) na mako biyu ta intanet, wai takardarsa tana samar da aikin gwamnati ko na Saudiyya. Adashina zan ɗauka in biya, amma ina tsoron kada kuɗin su tafi a banza.

Amsa: Malama, riƙe kuɗin adashinki tukuna. Gajeren kwas na gaskiya yana nan, kamar CELTA, kwas ɗin koyar da Turanci na Jami'ar Kambirij ta Ingila, wanda ake kammalawa cikin mako 4 zuwa 5 idan mutum ya ajiye komai ya duƙufa a kansa. Sai dai awa 120 ne na horo, da rubutaccen aiki guda 4, da awa 6 na koyar da ɗalibai na zahiri, mai horarwa yana zaune yana rubuta kurakuranki, kuma ana iya faɗuwa.

Abin da ya ishe ni shi ne yadda kusan kullum ake kawo mini takarda mai hatimin ruwan zinari, mai ita yana ganin kalmar TEFL sunan wata hukuma ce. Ba hukuma ba ce, sunan fannin ne kawai, kuma babu wata cibiya guda a duniya da ke sa ido a kan masu ba da ita, shi ya sa duk mai kwamfuta zai iya buga takarda ya liƙa tambari ya ce an tantance shi. Wa ya tantance shi? Sau da yawa idan aka bi diddigi, mai tantancewar ma ba a san adireshinsa ba. Ana kallon bidiyo, a zaɓi A ko B, takarda ta fito, alhali babu wanda ya taɓa ganin mutum ya riƙe alli a gaban yara sittin ya raba musu "he" da "she", ko ya gyara wa yaron da ke furta "p" kamar "f". Irin wannan horo tamkar koyon iyo ne a kan tabarma.

Game da aikin gwamnati kuwa, ko CELTA ɗin kanta ba ta maye gurbin abin da dokar Najeriya ta tanada. Mafi ƙarancin shaidar koyarwa ita ce NCE, kuma mai digirin da ba na fannin koyarwa ba, irinki, PGDE (difilomar koyarwa ta bayan digiri) take buƙata, sannan jarrabawar TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa, da rajista. Cibiyar malamai ta NTI da ke Kaduna tana gudanar da PGDE ta karatu daga nesa, ba sai kin bar aiki ba.

Idan kuma Saudiyya ce a ranki, ki tambayi masu tallar awa nawa za a kalle ki kina koyarwa, sannan ki duba ko sunansu yana cikin jerin cibiyoyin da Kambirij ta amince da su a shafinta kafin ki tura ko sisi.