Tambaya da Amsa: Romon zubawa kan gasasshen dankali, ba nama ba ƙashi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari. Ni daga wani ƙauye nake a gefen Kazaure. Ƙanin maigidana ne da ke karatun aikin gona a Ingila zai zo hutu, kuma yace tare da wata malamarsu za su zo, za ta kwana biyu a gidanmu tana zagaya gonakin riɗi, to matsalar wai ita ba ta cin nama ba ta cin kifi, ƙwai da madara da man shanu har zuma duk ba ta taɓawa. Yace in gasa mata dankali da karas, in yi irin romon da suke zubawa a kai wai shi girebi, amma kar in sa nama. Anti ni tunda nake ban taɓa ganin romo ba nama ba, kuma bana so in ji kunya a gaban dangin miji. Dan Allah a taimaka min.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kwantar da hankalinki, in sha Allahu ba za ki ji kunya ba, kayan haɗin nan kusan duk suna ɗakin girkinki.

Can Ingila al'adarsu ce ranar Lahadi su gasa nama a oben tare da dankalin turawa da karas, ruwan da ya tsiyaye daga jikin naman shi suke haɗawa da fulawa su yi romo mai ɗan kauri su kwarara a kai. Masu irin ra'ayin baƙuwarki kuma ba yau suka fara ba, tun 1944 wani mutum Donald Watson da abokansa suka kafa ƙungiyarsu a can, saboda haka sun saba yin nasu da kayan lambu zalla. Ni kuwa a ganina mun fi su kayan yinsa, don muna da daddawa. Ɗanɗanon nan da ke kama miki harshe in kin kurɓi romon nama, ɗaya daga cikin sinadaran da ke kawo shi sunansa gulutamet, wani masani ɗan Japan Kikunae Ikeda ne ya gano a 1908 cewa shi ke ba wata ciyawar teku wannan ɗanɗanon, daga binciken nasa ma aka samo farin magin nan Ajinomoto. To wannan sinadarin yana nan jingim a daddawar kalwa da kauɗar tumatir, shi ya sa iyayenmu ke kaɗa miyar kuka ba ko tsoka ɗaya a ciki kuma a share tuwo tas.

Ki fara da ruwan romon. Ki samu karas biyu, albasa ɗaya ki wanke ta ki raba huɗu har da ɓawonta kar ki ɓare, ɓawon ne zai ba ki launi mai kyau, kauɗar tumatir cikin tafin hannu ki wanke ta sosai don ba ta rasa ƙasa, tafarnuwa ƙwaya uku, ɗan gutsuren citta, sai daddawa guda ɗaya ki daka. Ki zuba ruwa kamar ledar fiyawata biyu, ki bar shi ya yi ta dahuwa a hankali wajen minti 40 har ya koma rabi, sai ki tace da matacin koko kina danna kayan da bayan ludayi. Rabin lita kike so ya rage. Daddawar kar ki cika hannu tunda baƙuwa ce ba ta saba da ƙamshinta ba, guda ɗaya in ta dahu aka tace ba za ta yi wari ba, daɗin kawai za ta bari.

Yanzu ga inda aikin yake, albasa. Manya uku, ki yanka siri-siri, ki sa man gyaɗa cokali uku na cin abinci a tukunya mai kaurin gindi, ki zuba albasar da ɗan gishiri kaɗan. In a murhu kike ki janye itace ki bar garwashi, don harshen wuta ƙona ta zai yi gefe ya yi baƙi tsakiya ɗanye, kuma da ta ƙone shikenan ɗaci ya shiga ba abin da zai fitar da shi. Za ki ga ta fara fitar da ruwa ta yi laushi, tukunyar da ta cika ta koma 'yar kaɗan a ƙasa, daga nan ta yi ja-ja, ki ci gaba da juyawa, in kin ga tana kamawa ki yayyafa ruwa cokali ɗaya ki kankare abin da ya manne don nan ne daɗin ya taru, har sai ta yi launin ƙuli-ƙuli tana wani ƙamshi mai zaƙi. Zai ɗauke ki minti 25 zuwa 30, kuma dan Allah kar ki yi gaggawa a nan, duk wadda tace miki ta gwada romon nan ya fito salam to albasarta ta sauke da wuri.

Sai ki barbaɗa fulawa cokali uku a kan albasar ki juya minti biyu ko uku, warin ɗanyen gari ya fita. Ki riƙa zuba ruwan romon da zafinsa ludayi-ludayi, kowane ludayi ki juya ya haɗe kafin ki ƙara wani. In ya shige duka ki bar shi ya ɓararraka minti 10, ki sa dakakken masoro, ki ɗanɗana gishiri, a ƙarshe ki ɗiga ruwan tsamiya ko lemun tsami kaɗan. Ki tsoma cokali ki ja yatsa a bayansa, in layin ya tsaya bai rufe ba ya yi. Kina iya tacewa ya fito sumul, ni dai na fi son a bar albasar a ciki.

Gashin kuma ba sai da oben ba. Ki tafasa dankalin minti 7 zuwa 8, ki tsiyaye, ki girgiza shi a tukunya gefensa ya ɗan farfashe, ki shafe shi da mai da gishiri tare da karas da kabewa, ki jera a faranti na ƙarfe. Babbar tukunya da yashi a ƙasa, ki ɗora farantin ki rufe, garwashi a ƙasa garwashi a kan murfi, kamar minti 40 kina buɗewa kina juyawa.

Abu ɗaya zan roƙe ki, amana. Kar wata ta zuga ki tace jefa ɗan ƙashi ai ba za ta gane ba. Kar ki yi amfani da man da aka soya kaza, kar ki daka a turmin da aka daka kifi sai kin wanke, dunƙulen magi mai hoton kaza ko kifi ki ajiye shi gefe, bota ta gwangwani ma wasu akwai madara a ciki. Baƙonka annabinka, yadda ba za mu so a ɓoye mana abin da ba ma ci a abinci in mun je ƙasarsu ba haka ita ma.

TAMBAYA: Hajiya barka da aiki. Daga wajen Gezawa nake. Mahaifinmu yana fama da hawan jini, likita yace a rage masa jan nama da gishiri, shi kuma in ba romo ba ya iya cin abinci. Akwai dabara?

AMSA: Malam Allah ya ba Baba lafiya, ya saka maka da alheri da wannan kulawa. A yi masa irin na sama, yana tafiya da shinkafa da dankalin Hausa da doya har da burodi. Amma a nan gishirin ne abin tsoro fiye da naman. Hukumar Lafiya ta Duniya tace babba kar ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba, kuma wannan har da wanda ke cikin magi da burodi, kanwa ma tana cikin lissafi. To a cire magi gaba ɗaya, a ƙara albasa da tafarnuwa da tsamiya, harshe ba zai nemi gishiri da yawa ba. Wata daddawar ana sa mata gishiri wajen yi, a ɗanɗana kafin a ƙara. Sannan romo ba ya maye gurbin nama wajen gina jiki, a haɗa masa da wake ko awara ko gyaɗa. Tunda likita cewa yayi a rage, kar ku hana shi kifi da ƙwai da nono da kanku sai kun tambaya, akwai bitamin B12 da ba a samu a kayan lambu. Maganinsa kuma kar ya daina sha.

TAMBAYA: Anti ni amarya ce daga Ringim, duk abin da na sa wa fulawa sai ya yi gudaji, kuma mu ba wuta balle firji, zan iya yi da yawa in ajiye?

AMSA: 'Yata gudaji daga abu biyu ne, ko kin zuba busasshiyar fulawa kai tsaye cikin ruwan zafi, ko kin juye ruwan gaba ɗaya a lokaci guda. Fulawa ta fara shan mai tukuna. In ya riga ya yi kar ki zubar, ki murje shi a rariya ki mayar kan wuta. In kuma fulawar ce babu, sitacin rogo ko na masara cokali ɗaya da rabi ya isa rabin lita, amma shi da ruwan sanyi ake dama shi a zuba daga ƙarshe ana juyawa.

Batun ajiya kuwa a'a, da zafin garinmu romo mai gari ba ya jimawa, in ya wuce awa biyu a ajiye ya huce ban yarda ki ba kowa ba, lokacin bazara ma ko awa biyun kar ya kai. Ki yi daidai ci. In maigida zai yi dare ki juye nasa a filas yana tafasa, ko ki ajiye masa tukunyar a gefen garwashi kina ɗan ƙara ruwa don yana ƙara kauri in ya zauna.